Monitar Wasa: TN, IPS, VA ko OLED, Wanne Ya Cancanci Kuɗinka?

Duk kwalin monitar wasa da ka ɗauka, lamba ce za ta fara cika maka ido: 144Hz, 240Hz, 360Hz, yanzu ma har 540Hz da abin da ya fi haka. Masu ƙera su sun gane cewa lamba tana da sauƙin kwatantawa, shi ya sa suke rubuta ta da manyan baƙaƙe. Amma monita biyu za su iya ɗaukar lamba ɗaya, ka ajiye su kusa da juna, ka ga ɗaya hotonta tas ko ana gudu, ɗayar kuma tana jan inuwa a bayan duk abin da ya motsa. Bambancin yana cikin irin allon da aka sa mata. A ganina, da zarar an wuce 144Hz, nau'in allo da irin wasan da kake yi da hasken ɗakin da kake zama sun fi lambar da ke kan kwali muhimmanci nesa ba kusa ba.

Bari mu fara gamawa da lambar. Hz yana nufin sau nawa allo yake sabunta hotonsa a cikin sakan ɗaya. Allo mai 60Hz yana riƙe kowane hoto na tsawon milisakan 16.7 (milisakan ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin dubu na sakan). Mai 144Hz yana riƙe shi milisakan 6.9, mai 240Hz milisakan 4.2, mai 360Hz milisakan 2.8, mai 540Hz kuma bai cika milisakan 2 ba. Dubi yadda ribar take raguwa. Daga 60 zuwa 144 ka rage kusan milisakan 10, kuma wannan kowa yana ganinsa, ko da linzamin kwamfuta kawai ya kaɗa a kan allo. Daga 144 zuwa 240 ka rage ƙasa da milisakan 3. Daga 240 zuwa 360, ɗaya da ɗan wani abu. Daga 360 zuwa 540 kuwa ko ɗaya bai kai ba. Ribar tana nan, ban ce babu ba, amma kowane mataki yana ƙara tsada yana rage abin da ido zai shaida.

Sannan allo ba ya ƙirƙirar hoto, abin da kwamfuta ta miƙo masa yake nunawa. Idan katin hoton kwamfutarka, wato ɓangaren da yake zana hoton wasa, hotuna 90 kawai yake iya fitarwa a sakan a wasan da kake so, monita mai 360Hz ba za ta mayar da su 360 ba. Wasu wasannin ma an ɗaure su ne a kan 60: Elden Ring haka yake, kuma wasannin dambe irin su Tekken 8 da Street Fighter 6 a kan 60 aka gina lissafin motsinsu. Mai PlayStation 5 ko Xbox Series X kuwa iyakarsa 120Hz, duk abin da ya biya a sama da haka na'urar ba za ta taɓa shi ba. Waɗanda suke cin moriyar 240 zuwa sama su ne masu Counter-Strike 2, Valorant da makamantansu, wasannin da ba su da nauyi, waɗanda kwamfuta mai ƙarfi take iya fitar da ɗaruruwan hotuna a cikinsu.

Akwai lamba ta biyu da ake yawan liƙawa, wato "1ms". Wannan ita ce ta fi ruɗar mutane. Tana nufin lokacin da piksel, wato kowane ɗan ɗigon da ake haɗa hoton allo da su, yake ɗauka ya sauya daga wani launi zuwa wani. Matsalar ita ce kamfani yakan zaɓi sauyin da ya fi sauri, a saitin da ya fi tsanani, ya rubuta shi kamar dukkan sauye-sauyen haka suke. A menun monita za ka ga saitin da aka rubuta wa Overdrive ko Response Time, wanda yake ƙara wa piksel ƙarfin lantarki don ya yi hanzari. Idan ka kai shi ƙarshe, piksel ɗin yakan zarce launin da aka nufa kafin ya dawo, sai ka ga wani farin zobe yana bin bayan abin da ke motsi, abin ma ya fi inuwar da kake gudu muni. Saitin tsakiya shi ne yawanci ake iya zama da shi, kuma a can saurin gaskiya na allon LCD, irin su TN, IPS da VA, yakan kai milisakan 3 zuwa 6 ko fiye. Ka haɗa wannan da lissafin baya: idan allo mai 240Hz yana buƙatar sabon hoto kowane milisakan 4.2, amma piksel ɗinsa yana ɗaukar milisakan 8 kafin ya gama juyawa, to hoto na biyu ya iso na farko bai gama tafiya ba. Nan ne nau'in allo yake shigowa.

TN, IPS da VA duk 'yan gida ɗaya ne, gidan LCD. Akwai fitila a baya da take ci koyaushe, kowane piksel kuma kamar ɗan labule ne a gabanta, ana ɗaga shi haske ya wuce, ana sake shi ya tare. Yadda aka jera ƙwayoyin ruwan kiristal da suke wannan aikin shi ne ya raba su uku.

TN shi ne babban wa, tun farkon shekarun 1970 ake da fasaharsa. Shi ya fara kawo 144Hz hannun jama'a, da monitoci irin su ASUS VG248QE ta 2013, kuma har yanzu kamfanoni kan koma gare shi idan ana tseren lamba, kamar ASUS PG248QP mai 540Hz da jerin Zowie na BenQ da ake yawan gani a wuraren gasa. Saurinsa ba a musu. Sai dai ka ɗan zame a kujera ka kalle shi daga ƙasa, za ka ga saman allon ya yi duhu, launuka sun juye. Ko kana zaune daidai, launin da ke sama da na ƙasa ba sa zama ɗaya. Wanda gasa ce sana'arsa zai iya haƙura da wannan. Sauran mutane ban ga dalilin da zai sa su saye shi a yau ba.

IPS, wanda Hitachi ya fito da shi kasuwa a 1996, an yi shi ne don gyara wannan matsalar kallon gefe. Launinsa yana tsayawa ko ta ina ka kalle shi, shi ya sa masu aikin hoto da zane suka daɗe suna riƙe da shi. Shekaru da yawa ana masa kallon mai nawa, wanda bai dace da wasa ba. Abin ya canza wajen 2019, lokacin da LG ya fitar da 27GL850, daga nan IPS mai sauri ya cika kasuwa. A 2020 ma monitar farko mai 360Hz, ASUS PG259QN, IPS ce, ba TN ba.

Rauninsa baƙi ne. Labulen nan ba ya rufuwa ruf, haske yana ɗan tsiyayowa. Yawancin allunan IPS farinsu ya fi baƙinsu haske kimanin sau 1000 ne kawai. Da rana, ko a ɗaki mai fitila, ba za ka damu ba. Amma kashe fitila ka shiga wasan da ake tafiya cikin kogo ko cikin dare, sai baƙin ya koma toka-toka, kusurwoyin allon kuma su riƙa wani ƙyalli mai kama da azurfa, wanda yake motsawa idan ka motsa kanka. Wannan ƙyallin ba lalacewa ba ne, halin IPS ne, kuma ko ka mayar da monitar an canza maka wata za ka same shi, sai dai wata ta fi wata. Rage hasken allo da kunna 'yar fitila a bayan monita suna rage shi sosai.

VA shi ne wanda ya fi raba kan mutane, kuma ya cancanci a daɗe a kansa. Ƙwayoyinsa a tsaye suke idan ba a ba su wuta ba, don haka suna tare haske da kyau. Tazarar fari da baƙi a nan takan kai sau 3000, wasu ma 4000 ko fiye. A ɗaki mai duhu bambancin a fili yake: sararin samaniya da dare yana zama baƙi na gaske, fitilun gari suna fitowa da ƙarfi, hoton yana da zurfin da IPS ba ya iya bayarwa. Kuma galibi VA ya fi araha.

Ba a nan gizo yake saƙar ba. Waɗannan ƙwayoyin da suka iya rufewa suna da nauyin tashi daga baƙi zuwa toka mai duhu. Sauyi daga fari zuwa toka zai iya zama da sauri, amma daga baƙi zuwa launi mai ɗan duhu yakan ɗauki milisakan 15, 20 ko fiye a kan alluna masu araha. Ga yadda abin yake a ido: kana cikin wani lungu mai duhu a wasa, ka juya kyamara da sauri, sai gefen ƙofa da sandunan ƙarfe su ja baƙar jela a bayansu, ƙananan abubuwan da ke jikin bango su ɓace, sai ka tsaya su dawo. Ko a wajen wasa za ka gan shi. Buɗe shafi mai baƙin bango da farin rubutu ka gangara ƙasa, rubutun zai dusashe yayin da yake tafiya, ya sake haske idan ya tsaya. Wasu ba sa lura sam. Wasu kuma da zarar sun gani sau ɗaya, idonsu ba ya sake barin wurin.

Ba duk VA ne haka ba. Samsung Odyssey G7 ta 2020, mai 240Hz, ta nuna cewa ana iya yin VA mai sauri har a wurare masu duhu. Amma irin waɗannan tsiraru ne, kuma kwali ba zai faɗa maka wanne ne wanne ba, domin dukkansu "1ms" suke rubutawa. A nan dole ne mutum ya nemi gwajin da masu bita suka yi wa ainihin samfurin da yake so, ya duba hoton motsi a kan bango mai duhu musamman. Wani abu kuma: launin VA yakan ɗan koɗe a gefuna idan allon yana da faɗi, wannan na cikin dalilan da suka sa yawancinsu ake lanƙwasa su.

OLED kuwa wani gida ne daban. Babu fitila a baya. Kowane piksel shi yake ba da haskensa, idan an ce baƙi sai ya mutu gaba ɗaya. Ba a ma maganar sau 1000 ko 3000, domin baƙin babu haske a cikinsa ko kaɗan. Kuma da yake babu ƙwayar da za ta juya, sauyin launi yana faruwa cikin ƙasa da milisakan ɗaya, daga kowane launi zuwa kowane launi, ba jela, ba farin zobe, ba saitin da za ka zauna kana gwadawa. Shi ya sa OLED mai 240Hz yakan yi kafaɗa da kafaɗa da LCD mai 360Hz wajen tsabtar motsi. Alienware AW3423DW ta 2022, mai inci 34 da 175Hz, ita ta buɗe wannan ƙofa ga masu kwamfuta. LG ya biyo da 27GR95QE mai inci 27 da 240Hz, a 2024 kuma aka samu masu inci 32 da suke haɗa 4K, wato piksel miliyan 8.3, da 240Hz, da masu 480Hz.

OLED ɗin ma iri biyu ne a kasuwa. QD-OLED na Samsung Display ne, WOLED kuma na LG Display, sauran kamfanoni daga wajensu suke sayen allon su sa sunansu. QD-OLED ya fi cikar launi a wurare masu haske, ja da kore suna fitowa da ƙarfi. Amma idan hasken taga ko fitila ya faɗo a kansa, baƙinsa yakan ɗaga ya koma wani toka mai ratsin shunayya, wato abin da ka biya kuɗi dominsa ya ragu. WOLED ya fi riƙe baƙinsa a ɗaki mai haske, sai dai yana amfani da ƙarin farin piksel wajen ƙara haske, don haka launukansa sukan ɗan yi fari-fari idan an kai ƙarshen haske. Mai ɗaki mai duhu ya karkata ga na farko, mai zama kusa da taga ya karkata ga na biyu.

Ina son OLED ƙwarai, kuma saboda haka ne ba zan ɓoye aibinsa ba. Na farko, tabo. Sinadaran da suke ba da hasken suna tsufa gwargwadon aikin da suka yi, don haka abin da ya daɗe a wuri ɗaya, kamar layin ƙasa na Windows, taswirar kusurwar wasa ko allon maki, zai iya barin inuwarsa ta dindindin. Monitocin suna da dabarun kariya, suna ɗan gusar da hoto, suna kuma yin gyaran piksel bayan 'yan sa'o'i na aiki, kuma kamfanoni da dama suna ba da garantin shekara uku da ya haɗa da tabo. Duk da haka tsufan ba ya tsayawa, jinkirta shi ake yi. Na biyu, haske. Ƙaramin wuri a allon zai iya walƙiya sosai, amma idan fari ya cika allon duka, yawancinsu suna tsayawa wajen nit 250 (nit shi ne ma'aunin hasken allo), LCD na yau da kullum kuwa yana wuce haka ba wahala. Na uku, rubutu. Jerin ƙananan launukan da ke cikin piksel ɗinsu ya saɓa da wanda Windows ya saba da shi, sai gefen haruffa ya riƙa nuna ɗan kore ko ja. A kan 4K abin ya kusa ɓacewa, a kan 1440p (piksel miliyan 3.7) mai inci 27 na farko-farko kuwa mai karatu da yawa zai lura.

Tsakanin gidajen biyu akwai Mini-LED. Wannan ba sabon nau'in allo ba ne, IPS ne ko VA da aka raba fitilar bayansa zuwa ɗaruruwan yankuna ko sama da dubu, kowanne yana ƙaruwa ko raguwa shi kaɗai. Yana ba da hasken da OLED ba ya kaiwa, sama da nit 1000, kuma babu fargabar tabo. Aibinsa shi ne wani hazo da yake kewaye ƙaramin abu mai haske a kan baƙin bango, domin yanki ɗaya ya fi piksel girma sau dubbai. VA mai Mini-LED ya fi ɓoye wannan hazon. Tunda maganar ta kawo mu HDR, wato fasahar nuna haske mai ƙarfi da duhu mai zurfi a hoto ɗaya: tambarin DisplayHDR 400 a kan LCD maras irin waɗannan yankuna kada ya ja ka, monitar tana karɓar siginar ne kawai, ba ta da abin nuna ta. HDR na gaske yana wajen OLED da Mini-LED.

Wani abu da ko OLED bai tsira daga gare shi ba shi ne dishi-dishin da ido da kansa yake haifarwa. Allo yana riƙe kowane hoto cik har na gaba ya zo, idonka kuma yana ci gaba da bin abin da ke motsi, sai hoton ya shafu a cikin idon. Maganinsa biyu ne: ƙara Hz, ko kashe fitilar baya a tsakanin hotuna. Dabara ta biyu ita ce ULMB 2 na Nvidia, kamfanin katin hoto, da DyAc na Zowie, kuma ita ce ta sa wasu 'yan gasa har yanzu suke manne da LCD. Tana rage haske, wasu kuma ƙyaftawar tana gajiyar musu da ido.

Girma da yawan piksel su ma suna shiga lissafi, domin su ne suke yanke nauyin da ke kan katin hoto. 1080p piksel miliyan 2 ne da ɗan kai, 1440p miliyan 3.7, 4K miliyan 8.3, wato ninki huɗu na 1080p. Inci 24 ya dace da 1080p. A inci 27 hotonsa yakan fara nuna ƙwayoyi, don haka 1440p ne abokin inci 27, 4K kuma na inci 32 ko 27 ga mai son kaifi sosai.

Fasahar daidaita saurin allo da na katin hoto, wadda take hana hoto tsagewa gida biyu, ba abin damuwa ba ce kamar da. Nvidia ya sanar da tasa, G-Sync, a 2013, abokin hamayyarsa AMD ya biyo da FreeSync a 2015, daga 2019 kuma katunan Nvidia suka fara aiki da monitocin FreeSync. Kusan kowace monitar wasa tana da ita yanzu. Abin lura ɗaya: VA da OLED sukan ɗan yi ƙyafce-ƙyafce a wurare masu duhu idan yawan hotunan yana hawa da sauka da ƙarfi, IPS bai cika yin haka ba. Mai PlayStation 5 ya tabbatar monitar tana da mashigar waya ta HDMI 2.1 idan yana son 4K a 120Hz. Mai kwamfuta kuma ya yi amfani da wayar DisplayPort, sannan ya shiga saitin allo na Windows ya zaɓi saurin da hannunsa, domin sau da yawa yakan bar sabuwar monita a kan 60Hz, mutum ya yi watanni yana wasa a haka bai sani ba.

To wanne za a ɗauka? Kowa da kiwon da ya karɓe shi, amma ga yadda nake gani. Mutumin da yake taɓa kowane irin wasa, yake kuma karatu da aiki a kan allo ɗaya, ya ɗauki IPS mai inci 27, 1440p, tsakanin 165 da 180Hz. Ba ya yin fice a komai, amma ba shi da aibin da zai hana ka barci, kuma ragowar kuɗin ya fi amfani a katin hoto. Wanda wasanninsa na labari ne masu duhu, yake yin su da dare, kuɗinsa kuma bai kai OLED ba, VA zai faranta masa, da sharaɗin ya ga gwajin wannan samfurin kafin ya biya. Ɗan gasar harbi da kwamfutarsa take fitar da hotuna 300 zuwa sama ya nemi 360Hz ko fiye, a OLED idan da hali, a IPS mai sauri idan babu, TN kuma sai idan ya riga ya san dalilin da ya sa yake son sa.

Wanda ya fi wahalar ba wa shawara shi ne mai kuɗin OLED amma monita ɗaya yake da wurin ajiyewa, yana aiki a kanta sa'o'i takwas da rana da tagogin rubutu a kafe wuri ɗaya, da dare kuma ya yi wasa. Zuciya za ta ja shi ga OLED, kuma wasan dare zai yi kyau ƙwarai. Amma sa'o'in rana sun fi yawa, kuma su ne suke cin allon, su ne kuma suke buƙatar kaifin rubutu da cikakken haske. Irin wannan mutumin ni Mini-LED zan nuna masa, ko IPS mai kyau. Idan kuma ya dage sai OLED, to ya ɗauki mai 4K saboda rubutu, ya ɓoye layin ƙasa na Windows, ya bar monitar ta riƙa yin gyaran piksel ɗinta duk lokacin da ta nema, sannan ya karanta takardar garanti da idonsa ya ga an ambaci tabo a ciki kafin ya miƙa kuɗi.